Kalmar "light": a ina kuka ci karo da ita?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina koyar da Turanci a ajin manya na yamma, mako mai zuwa kuma za mu ɗauki kalmar light. Ƙamus ya ce haske, amma a bakin mutane ta wuce nan. Don Allah kowa ya faɗi inda ya gamu da ita.

Ɗalibi a Ingila: Wa alaikumus salam, Malam. Fara musu da wutar lantarki. Watan farko da na zo nan wuta ta ɗauke a ɗakina, na kira mai gidan na ce masa "there is no light". Sai ga dattijo da sabon ƙwan fitila a hannu. A wurinsu hasken kawai kake nufi, lantarkin kansa power suke cewa ko electricity. Mu kuwa a Najeriya tun zamanin NEPA, hukumar wutar lantarki da aka kafa a 1972, light ita ce wuta gaba ɗaya, da ta firji da ta dutsen guga. An sauya sunan zuwa PHCN a 2005, amma har gobe in aka kawo wuta NEPA yara ke yi wa ihu. Ni ban ɗauke shi kuskure ba, Turancinmu ne. Sai dai kada ɗalibi ya rubuta shi a jarrabawa.

Mai shago a Kantin Kwari: Mu nan kashi biyu ce. In mace ta ce light blue, shuɗi take so wanda bai turu ba. In ta ce light material, yadi shara-shara mara nauyi take nema saboda zafi. Yaran shago sababbi sukan haɗa su, su jibgo wa Hajiya shadda mai kauri don kawai launinta da haske.

Daga Zangon Kumasi: A Gana light off muke cewa in wuta ta tafi, ko dumsor da yaren Twi. Akwai kuma light soup, miya ce tsululu ta tumatir da barkono da ake cin fufu da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Tawa ta fi ciwo. Likita zai ce a ba mara lafiya light food bayan tiyata, wato koko, shayi, romo, abin da ciki zai ɗauka ba wahala. Dangi su ɗauka "kaɗan" ake nufi, su zo da rabin malmalar tuwo da miyar kuka. Yanzu ba na barin a tafi sai na lissafa abincin da Hausa.

Malamin kimiyya: Malam, kada ka manta da light year. Ɗalibai na ganin year sai su ce lokaci ne, alhali nisa ne: tafiyar da haske ke yi a shekara guda, yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Sannan light ta haske da light ta rashin nauyi asalinsu daban ne, a Turanci suka haɗu a rubutu ɗaya. Jamusanci ya raba su, Licht da leicht.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, in ba damuwa ki turo mini jerin abincin nan, akwai masu jinyar iyaye a ajin.