Kwamfutar ofis ta ofis ce, amma ina iyakar ikon mai ita?

Injiniya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar da na yi jiya ta tayar da ƙura, to ga ta nan na sake ta, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Duk kwamfutar da kamfani ko makaranta ta saya ta jona a netwok ɗinta, tana da ikon hana a saka mata kowace manhaja sai wadda aka amince da ita, tana kuma da ikon ganin abin da ake yi a kanta. Ba don mugunta na faɗa ba. Kwanakin baya wani abokin aikinmu ya sauko da manhajar haɗa fayilolin PDF, irin wadda aka fasa lasisinta ake rabawa kyauta. Ta yi masa aikin, amma da baƙo ta zo. Kalmomin sirrin da ya ajiye a burauza kaf ta kwashe. Ni na kwana a ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfani, ina zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina sauya wa mutum arba'in kalmar sirri, har aka kira asuba. Tun ranar na karɓe izinin adimin, wato ikon saka manhaja da sauya saitin kwamfuta, daga hannun kowa.

Mai Zane: Wa alaikumus salam Yaya. Ban musa wahalar da ka sha ba, amma ku ji tamu ma. An ba ni aiki na miƙa cikin kwana uku, ina buƙatar wata ƙaramar manhaja ta halal, kyauta ce daga masu ita. Ina dannawa sai allo ya ce mai kula da tsarin ya toshe. Na cike fom, na aika imel, na je da ƙafata. Kwana tara kafin a amsa min. Ka san me na yi? Na kwafe aikin a filash na tafi da shi gida, na ƙarasa a laftof ɗina da babu mai duba lafiyarta. Ka ga kullen nan bai tsare bayanan kamfani ba, waje ya kore su.

Injiniya: Ƙanena, wannan laifin jinkiri ne, ba laifin kullen ba. Wanda ya iya aikin ba ya tashi rana ɗaya ya toshe komai. AppLocker, tsarin toshe manhajoji da Microsoft ta fito da shi tun Windows 7, yana da yanayin da zai riƙa rubuta abin da ke gudana ba tare da ya hana komai ba. Sai ka bar shi haka na wasu makonni, ka ga manhajojin da mutane ke aiki da su da gaske, sannan ka rubuta doka. Dokar kuma kala uku ce: ko ka amince da sa hannun kamfanin da ya ƙera manhajar, ko da wurin da fayil ɗin yake zaune, ko da lambar shaidar fayil ɗin kansa, wadda ke sauyawa da zarar an taɓa shi. Idan aka bi haka, mai zane zai tarar da kayan aikinsa a buɗe tun ranar farko.

Hajiya Akanta: Ni hana saka manhaja bai dame ni ba, Injiniya. A hana. Lissafin albashin mutane ke hannuna, na fi kowa son a kulle. Rabi na biyun maganarka ne ya tsaya min a wuya. A wajen da na taɓa aiki, sai da muka shekara kafin mu san akwai abin da ke ɗaukar hoton allonmu duk bayan 'yan mintuna. Ranar da na gani da idona, cikin hotunan har da saƙon da ƙanwata ta turo min na sakamakon gwajin mahaifiyarmu daga asibiti. Lokacin hutun rana na buɗe shi, minti biyu. Wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba ya karanta ciwon uwata kafin yayyena su ji. Ka faɗa min wane ɓarawon intanet aka kama da wannan hoton.

Injiniya: Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Abin bai yi daɗin ji ba. Sai dai kwamfutar ai ba taki ba ce.

Barista: A nan ne na rabu da kai, Injiniya. Ka ɗaure abu biyu da igiya ɗaya. Hana manhaja magana ce a kan na'ura, leƙen allo magana ce a kan mutum, kuma mallakar na'ura ba ta ba ka mallakar sirrin wanda ke zaune gabanta. An yi irin wannan shari'ar a Turai. A 2007 wani kamfani a Romaniya ya kori injiniyansa mai suna Barbulesku, saboda ya yi hira da ɗan'uwansa da budurwarsa ta Yahoo Messenger ɗin da aka sa ya buɗe don kwastomomi. Shafi 45 na hirarsa aka buga aka ajiye masa. Kotunan ƙasarsa suka ba kamfanin gaskiya. Amma ranar 5 ga Satumba 2017 babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya yanke, alƙalai 11 a kan 6, cewa an tauye masa haƙƙi. Kotun ba ta haramta sa ido ba. Cewa ta yi ba a bincika ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi da iyakarsa ba, ko akwai dalili mai ƙarfi, ko akwai hanyar da ta fi sauƙi. Hukuncin bai hau kan kowace ƙasa ba, kowa ya duba dokar inda yake, amma tambayoyin nan uku sun dace da ko'ina.

Malama: Ni ɗakin kwamfutar makaranta nake riƙewa, yara talatin a lokaci guda. In ban kulle ba, kafin na juya baya an cika su da wasanni. Ina ganin allonsu daga tebur ɗina, kuma sun sani, na faɗa musu ranar farko, na rubuta na manna a bango. Amma akwai inda ba zan taka ba. A 2010 aka gano wata hukumar makarantu a jihar Fensilbaniya ta Amurka, Lower Merion, ta tara hotuna sama da 56,000 ta laftof ɗin da ta raba wa ɗalibai, wasu na kyamara wasu na allo, har da na yaro yana barci a ɗakinsa. Cewa suka yi na'urorin da suka ɓace suke nema. Dala 610,000 suka biya aka sasanta. Su ma kwamfutocin nasu ne.

Mai Zane: Kuma Yaya, jerin manhajojin da aka amince da su ɗin nan, kada a mayar da shi laya. Harin mugunyar manhajar da ake kira NotPetya a Yunin 2017 ta cikin sabuntawar M.E.Doc ya shigo, manhajar lissafin haraji da kamfanoni a Yukiren ke amfani da ita da izini. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake ɗora manhaja a kwamfutoci wajen 45,000. Manhajar kamfanin SolarWinds a 2020, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke sabuntawa mai guba, alhali ita kanta manhajar sa ido a kan netwok ce. Sannan 19 ga Yulin 2024, sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Babu ƙaramin ma'aikaci ko ɗaya da ya saka wani abu a ɓoye a duka ukun.

Injiniya: Duk gaskiya ne, kuma da ma ban ce kulle ƙofa na hana wanda ya zo da makulli ba. Maganin wannan daban yake: a gwada sabuntawa a kan kwamfutoci kaɗan kafin a saki ga kowa, a raba netwok gida-gida yadda wuta ba za ta ci gaba ɗaya ba, a ajiye kwafin bayanai inda ba ya jone da komai. Amma don ɓarawo ya taɓa haurowa ta katanga, ba za ka kwana ƙofa a buɗe ba. Ku manyan labarai kuke ji. Ni abin da nake sharewa kullum shi ne manhajar sata da ƙarin burauza na bogi, kuma tun da na kulle ban sake kwana a ɗakin saba ba.

Hajiya Akanta: Na yarda da kullen, na faɗa tun ɗazu. Amma ƙirga danna kibod da motsin maus don a auna ƙwazo fa? A 2024 bankin Wells Fargo ya sallami ma'aikata fiye da goma saboda sun riƙa nuna kamar suna taɓa kibod alhali ba sa aiki. Ba na kare su, ha'inci ne. Sai dai in motsin hannu ka sa a ma'auni, motsin hannu za a ba ka. Ni sai na yi rabin awa ina duban takarda ɗaya ina neman inda lissafi ya karkace, hannuna bai taɓa komai ba. A idon na'urar, zaman banza nake.

Barista: Injiniya, bari na tambaye ka kai tsaye. Rajistar abin da ake yi a kwamfutoci da kake tarawa, wa ke iya buɗe ta, kwana nawa take yi kafin a goge, kuma in ka buɗe ta mutum ɗaya, wa zai san ka buɗe? An ce wanzami ba ya son jarfa.

Injiniya: Ba zan yi maka ƙarya ba, Barista. Sunan manhajar da aka kunna da adireshin da aka ziyarta nake tarawa, ba na ɗaukar allo, ba na ɗaukar abin da aka rubuta. Amma ni kaɗai ke buɗewa, babu mai ganin na buɗe, kuma ban taɓa goge komai ba. Ban taɓa ɗaukar hakan matsala ba sai yau da Hajiya ta ba da labarinta. Zan rubuta wa shugabanmu a sa mutum na biyu da sai da yardarsa za a duba rajistar wani, a yanka wa'adin gogewa, a kuma raba wa kowa takardar abin da ake tarawa. Izinin adimin kam ba zan mayar ba.

Mai Zane: To a ƙara da wannan a takardar, Yaya: duk wanda ya nemi manhaja a amsa masa cikin kwana biyu, e ko a'a, da dalili.

Injiniya: Kwana biyu ya yi min kaɗan in manhajar baƙuwa ce, sai na gwada ta a keɓe tukuna. Amsar farko cikin kwana biyu, hukunci cikin biyar. Turo min sunan wadda aka hana ka ɗin, na duba ta yau.