Abin da na tsinta a hirarmu kan zuwa Tailan da ƙaramin guzuri

Jama'a ga taƙaitaccen abin da waɗanda suka je Tailan suka faɗa mana jiya. Kusan kowa ya ce abinci ba shi ne ke cin kuɗi ba, a bakin titi a Bankok da baht (kuɗinsu) 50 zuwa 70 za ka ƙoshi, matsalar dai naman alade ne ko'ina, wai sunansa "mu" a yarensu, to ka riƙe kalmar nan. Sai ka nemi masu alamar halal ko ka je unguwannin Nana da Pratunam inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, ka ci khao mok gai, shinkafa ce rawaya da kaza, Musulminsu ke yi.

Masu tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, kuwa kowa ya koka, in wani ya tare ka ya ce fadar sarki a rufe take yau ƙarya ce, shagon duwatsu masu daraja ko na tela zai kai ka ya samu la'ada. Ka hau jirgin ruwan kogin Chao Phraya ko ka kira mota ta manhajar Grab. Zuwa birnin Chiang Mai kuma ka hau jirgin ƙasa na dare, wajen awa 13, ka huta da kuɗin otal.

Wajen ibadarsu kamar Wat Pho ka cire takalmi ka rufe kafaɗa da gwiwa, kar ka shafa kan yaro, kar ka nuna mutum da ƙafa. Sarkinsu kuma ko da wasa kar ka zage shi, ɗauri ne har shekara 15. Sannan kar ka manta katin rigakafin cutar shawara, ana tambaya.