Mai HND da kamfanonin da ke ɗaukar wa bankuna ma'aikata

Ɗan Zazzau ya rubuta:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da HND, wato babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, a fannin akanta kuma na kammala bautar ƙasa. Wani kamfani da ke ɗaukar wa banki ma'aikata ya kira ni jarrabawa, na ci, amma da aka zo duba takardu sai jami'ar ta ce gurbin na masu digiri ne, abin da za su iya ba ni kawai shi ne aikin kwantiragi a kantar banki. Shin in karɓa, ko in koma karatu?

Hajiya Maman Ummi ta amsa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka riƙe jami'ar nan a zuciya, domin bankin ne ya gindaya sharaɗin, ita kuwa aikinta ta tace takardu bisa abin da aka ba ta. Matsalar ta daɗe. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambanci tsakanin HND da digiri, amma Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba har ya sauka a 2023, don haka babu dokar da za ka riƙe ka tilasta musu. Shawarata ita ce ka karɓi kwantiragin idan albashin zai ɗauki nauyinka, ka kuma yi rajistar jarrabawar ICAN ko ta ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, waɗanda dukkansu suna karɓar mai HND a akanta. Na ga yadda ake sauya wa mutum kallo da zarar ya zama ƙwararren akanta mai rajista.

Malam Na-Gwale ya amsa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ina da ja a kan kwantiragin. Wanda aka ɗauka ta wannan hanya ma'aikacin kamfanin ne, ba na bankin ba, kuma akwai waɗanda suka shekara da shekaru a kantar banki ba tare da ƙarin girma ba. Kafin ka sa hannu ka nemi a rubuta maka wanda zai biya ka, da tsawon wa'adin, da batun fansho, sannan ka tambaya ko akwai hanyar zama ma'aikacin dindindin. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na gurbi kuwa, ka rabu da shi nan take.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, idan na yi PGD, wato diflomar da ake yi bayan digiri ko HND, a jami'a, za su ɗauke ta a matsayin digiri?

Hajiya Maman Ummi ta amsa:
Ba kowane mai ɗaukar ma'aikata ne ke ɗaukarta haka ba. Amfaninta shi ne tana buɗe maka ƙofar digiri na biyu, amma ga mai aikin lissafin kuɗi, ni dai ICAN zan sa a gaba.