Ana iya gano shirin abokan hamayya daga rajistar alamar kasuwanci?

Mai_Neman_Sani:
Salam ƴan'uwa. Don Allah masu harkar kamfani ku fahimtar da ni, na ji ana cewa in ka bi takardun da kamfanoni ke shigarwa na neman rajistar suna ko tambari za ka iya sanin kayan da suke shirin fitarwa tun kafin su yi talla. Gaskiya ne? Kuma ba laifi ba ne mutum ya riƙa leƙa irin wannan?

Ɗan_Lissafi:
Wa'alaikumussalam. Ba laifi ko kaɗan malam, a buɗe suke dama, hukuma ce da kanta ke wallafawa don mai ƙorafi ya kawo kafin a ba wani sunan, a Amurka kwana 30 ake bayarwa, a Tarayyar Turai wata 3. Shiga shafukan binciken rajista, Global Brand Database na WIPO (hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya) ko TMview na Tarayyar Turai ko shafin USPTO (ofishin rajistar Amurka), duk kyauta ne, ka sa sunan kamfanin ka ga abin da ya fito. Amma fa kar ka tsaya kan sunan kawai, wlh nan mutane ke yin asara. Duba rukunin da suka shigar. Tsarin Nice, wanda ake raba kaya da ayyuka da shi wajen rajista, rukuni 45 ne, 34 na kaya 11 na ayyuka, to in ka ga kamfanin da ka sani da tufafi a rukuni na 25 kwatsam ya nemi rukuni na 9 inda manhaja take ko na 36 na harkar kuɗi, ai ya gaya maka inda ya dosa. Nike haka ta yi a Oktoba 2021, ta nemi rajista kan takalma da tufafi na cikin intanet, zuwa Disamba ta sayi RTFKT masu yin irin wannan kayan. Sannan ka duba ƙasashen da suka lissafa in ta tsarin Madrid suka bi, wato neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, kasuwannin da suke hange ke nan.

Hajiya_Kamfani:
Na yarda amma a yi hattara. A Amurka kana iya shigar da takarda da niyya kawai ba ka sayar da komai ba tukuna, bayan an amince ana ba ka wata 6 ka nuna ka fara amfani da sunan, kuma ana ta ƙara maka har jimilla ta kai wata 36. Sunaye da yawa a nan suke mutuwa. Wasu ma don kare kai ake yi, kar wani ya riga su.

Mai_Neman_Sani:
To Hajiya manyan kamfanoni ba su san ana kallonsu ba ne?

Hajiya_Kamfani:
Sun sani sarai ɗan'uwa, shi ya sa suke ɓoye ƙafa. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mutum wata 6, in ya shigar a wata ƙasa zai iya zuwa wata ya ce a lissafa masa daga ranar farko, to Apple ta sha fara shigarwa a wurare irin su Jamaika da Tirinidad inda a lokacin binciken rajista ta intanet ke da wahala, sai daga baya abin ya bayyana a Amurka. Ko kuma a buɗe wani ƙaramin kamfani da sunan da ba wanda ya sani, da irinsa Apple ta sayi sunan iPad daga kamfanin Proview a 2009, rigimar da sai da Apple ta biya dala miliyan 60 a China a 2012. Ni abin da nake yi, ina duba lauyan da ya shigar da takardar da adireshinsa, kamfani zai canza suna amma da wuya ya canza lauyoyinsa. In na ga haka sai in haɗa da tallan ɗaukar ma'aikata da sabbin sunayen shafukan intanet da suka yi wa rajista, in duk sun nufi wuri ɗaya sannan nake kai maganar gaban manaja.