Gemun auduga da dokin kara: yadda muke haɗa wa yara kayan tashe

Maman 'yan biyu, Tudun Wadan Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Yau bakwai ga wata, saura kwana uku a fara tashe, ni kuwa tun daren da aka ga wata 'yan biyuna suka hana ni sakat. Shekararsu takwas. Babban ya ce shi Tsoho da Gemu zai yi, ƙaramin kuma dokin kara yake so. Na riga na zaro wata tsohuwar babbar rigar kakansu daga ƙasan akwati, na yage farin zanen gado da ya mutu na yi rawani. Gemun ne ya gagare ni. Jiya na dama sitaci na manna masa auduga, kafin ya kai zaure rabi ya zubo masa a ƙirji, ya dawo yana kuka wai ƙannensa na ce masa tsoho mai rabin gemu. Don Allah da me kuke mannawa? Shi ma dokin ban san ta inda zan kama ba.

Sai abin da ya fi tsaya min a rai: kuna barin naku su fita kuwa, ko iyakarsu tsakar gida? Mu da muna yara ba mai wannan tambayar, ana sallame asham sai dai a hangi ƙurarmu.

Kakar yara, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Sitaci ai na guga ne. Ki aika a sayo miki ƙaro wajen masu kayan ƙoli ko masu sayar da allo da tawada, shi ɗin dai da almajirai ke zubawa a tawada don ta kama. Ki jiƙa 'yan ƙwayoyi tun da hantsi da ruwa kaɗan, wanda zai ɗan rufe su kawai. Kafin la'asar za ki ga ya yi yauƙi yana bin yatsa. Ki shafa masa a haɓa, ki ɗan jira ya sha iska, sannan ki dinga ɗora audugar kaɗan-kaɗan daga ƙasa zuwa sama. Kada ki dunƙula ki liƙa gaba ɗaya, nauyinta ne ke jawo ta. In ya dawo, ruwan ɗumi kawai, ta fita.

Kuma ki guji audugar rimi ta cikin matashi, tashi take ta shige wa yaro hanci ya kwana yana atishawa. Ta gona ake nema, a cire anguryar a ɗan ja ta da hannu.

Kin tuna min da namu. Mu 'yan mata ba ruwanmu da gemu. Babbar tasa muke cikawa da ruwa, mu kifa ƙwarya a kai, a dinga bugunta da ludayi, ki ji sauti kamar ana kiɗan gidan biki. Ni kullum ni ake sa wa rigar maza da hula in zama Daudu saboda na fi kowa tsawo, wata 'yar maƙwabtanmu ta ɗaura zanen uwarta ta zama Mairama. Ba a cika ba mu kuɗi ba sai hatsi, wata ta ɗibo gero a ƙoƙo, wata dawa. Mu tara a gidan babbarmu, daf da salla a sayar a raba, kowa ta sayi lalle da 'yan kunne. Yanzu jikokina mata huɗu ni ke ɗaura musu zanen, su kuma suna min gardama wai ba haka suka gani a waya ba.

Baban yara huɗu, Kano

Hajiya ta gama magana a kan ƙaro, ni gargaɗi zan ƙara. Maman 'yan biyu, ki ɓoye duk wani gam mai ƙarfi da ke gidanki, musamman ɗan ƙaramin nan da ake liƙa takalmi da shi. Shekara uku da suka wuce babban ɗana ya gaji da jiran uwarsu ta gama tuyar ƙosai, ya ɗauko nawa a aljihun mashin, ya shiga bayan ɗaki ya manna wa ƙanensa gemu da gashin baki har da gira. Wallahi gemu ya yi kyau, ban taɓa ganin tsohon da ya kai shi ba. Sai da aka dawo aka ce a cire. Muka yi ruwan ɗumi, muka yi man gyaɗa, muka yi man kaɗanya, yaro na ihu, uwar na min kallon kai ka ajiye shi. Har aka kira assalatu muna tsintar auduga a haɓar yaro. A hoton sallar shekarar girarsa ta hagu rabi ce.

Maganar fita kuwa, mu nan an ɗan yanke mana hukunci. A azumin 2025 'yan sanda sun sanar da dakatar da tashe a Kano, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna faɗan daba da ƙwacen waya. Ban ga laifin dalilin ba, don na san abin da ke faruwa a wasu lunguna da daddare. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗan shekara bakwai mai gemun auduga shi ya biya bashin ƙato mai wuƙa. Nawa yanzu iyakarsu gidan da muke haya, mu ɗaki shida ne, sai gidan yayata da ke jikin katangarmu. Ina tsaye a ƙofa har su gama.

Wanda ya ji daɗin abin shi ne ƙanena. Ya haura talatin bai yi aure ba, da ma duk goma ga wata sai ya ɓace daga unguwa kada yara su biyo shi da kiɗan gwauro. Tun muna yara ake tsorata shi da Nalako, sarkin gwagware, da igiyarsa.

Malamin firamare, Malumfashi

Bari in ɗauki na dokin, don shi na fi sani. Iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, kara guda yaro ya hau ya ja shi tsakanin ƙafafu yana sukuwa. Na tashe kuwa, wanda ake yin Danda da shi, gangar jiki ake haɗa masa, yaro ya shiga tsakiya, a rataya masa a kafaɗa da igiya biyu.

Ki nemi karan dawa, na gero siriri ne ba ya ɗaukar wahala. Ki jiƙa shi ya kwana a ruwa, in ba haka ba kina lanƙwasawa zai karye. Dogaye biyu a kowane gefe, a haɗe bakinsu gaba da baya kamar kwalekwale, a sa gajeru biyu a gicciye, ɗaya gaban cikin yaron ɗaya bayansa. Wuya kara uku ne a ɗaure tare, a karya ƙarshensu ya sunkuyo, a naɗe da tsumma ya zama kai. Geza da wutsiya, ki warware tsohon buhu ki samu zare. Sai ki je wajen tela ki roƙi ƙyallayen da ya share, yanzu lokacin ɗinkin salla ne buhu-buhu suke zubarwa, a yi masa jalala da su. Ki bar yaron ya zaɓi kalolin da kansa ko da ba su hau ba. Ɗaya kawai, kada ki bari ya ɓare karan da hannunsa, ɓawon nan reza ne. Ina da tabo a babban yatsa tun ina aji uku.

Wahalar da za ki sha ita ce samun karan mai kyau. Azumi yana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara. A 2000, 2001 da 2002 duk a Nuwamba aka ɗauki azumi, daidai kaka, ana yankan dawa, kara na zube ko'ina da sauran ɗanyensa. A 2011 da 2012 kuwa tsakiyar damina ya faɗo, dawa na tsaye a gona, na tuna darnin gidanmu yara suka dinga zara har mahaifinmu ya yi rantsuwa. Yanzu da yake zuwa wajen Fabrairu da Maris, karan ya bushe, an kai wa dabbobi ko an tara na girki. Ki tambayi masu ƙosai da masu waina da ke hura wuta da shi, su za su zaɓo miki masu kauri. Ni nakan ware dami guda tun kaka in jingine a bayan rumbu, maiɗakina ta san ba na murhu ba ne, ko da yake duk shekara sai na tarar ya rame.

Uwar gida a Kubwa, Abuja

Mu nan ko karan ma sai dai a hoto. Yarana ba su taɓa sanin wani abu tashe ba sai a azumin 2020, lokacin kullen korona. Ba makaranta, ba Islamiyya, ba zuwa ko'ina, sun ishe ni. Wata rana bayan shan ruwa na ɗauko kwalin taliya na yanka allo, na zare igiyar tsohon takalmi na shirya murafen lemo na yi ƙaton carbi, na naɗa wa babban mayafina a ka, na koya musu Ka Yi Rawa. Babansu shi kaɗai ne ɗan kallo, shi ne kuma mai ba da sadaka. Sai da suka yi masa sau biyar a dare ɗaya, ya ce shi fa an fara yi masa fashi.

Tun daga nan ya zame mana al'ada. Bara ma sun shiga gida uku a layinmu, har da wata maƙwabciyarmu Bayarabiya da ta sa suka maimaita ta ɗauka a waya. Abu ɗaya na hana, Macukule. Da muna yara a Kaduna mun yi shi muna ƙyaƙyatawa, ban taɓa tsayawa na yi tunanin Bagwari ake kwaikwaya ba. Yanzu ƙasar Gbagyi, wato Gwari, nake zaune, matar da ke kawo min doya Gbagyi ce, abokin ɗana a aji ma haka. Ba zan shafa wa yarona toka ya je ƙofarsu yana gwamutsa Hausa ba.

Baban yara huɗu, Kano

Anti ai wasa ne, ba wanda tashe ya bari. Malam ma an sa shi rawa, mai magani an yi masa, gwauro an ɗaure shi.

Uwar gida a Kubwa, Abuja

Malam da gwauro namu ne, Yaya, in sun ji haushi a gida za a sasanta. Wancan ba a tambaye shi ba.

Abban 'yan mata, Gusau

Ku yi haƙuri, ni ba na barin nawa. Ba na cewa haramun ne, amma ba na son yarinya ta saba da tsayuwa a ƙofar mutane tana jiran a miƙo mata, ga dare, ga halin da garinmu ke ciki. Aikin hannun dai ban hana ba. A goman tsakiya uwarsu kan zaunar da su saƙar faifai da kaba, kowacce ta yi guda, da shi ake rufe kwanon tuwon salla da za a kai wa kakanninsu. Na ƙaramar bara ya karkace kamar kunnen jaki, kakar ta rataye shi a bango ta hana a taɓa.

Kakar yara, Katsina

Allah ya yi musu albarka, Malam. Amma tashe ba bara ba ne, wanda ya ba ka dariya ka ba shi tukuici. Dare kam gaskiyarka, nima nawa kafin ƙarfe tara suna gida.

Inna, Maraɗi

Sannunku da shan ruwa mutanen Najeriya. Ba wanda ya yi zancen ganga, to ga tamu. Babban gwangwanin tumatir za a fasa gindinsa, a samo takardar buhun siminti a jiƙa, a ninka biyu, a ja ta sosai a kan bakin, a ɗaure da robar tayar keke, a shanya a rana. In ta bushe tana ɗaurewa, sautinta har bakin titi. Kwana uku take yi ta fashe, shi ya sa muke yin biyu.

Ɗana na tsakiya Jatau Mai Magani ya yi bara. Ya dawo daga lakwal, wato makaranta, ina barci, ya shige madafa ya kwashe min citta da kanumfari da masoro da kimba, ya ƙulla su a tsummoki ya rataya a wuya, har da tafarnuwa. Na tashi haɗa kunun buɗa-baki na tarar da gwangwanaye wayam. Na yi niyyar dukansa, sai na ji shi a bayan ɗaki yana gwaji, yana lissafa cutar da kowane ƙulli ke warkarwa, wai har da maganin faɗan uwa. Dariya ta hana ni.

A nan dala biyar ko dala goma ake ba su, mai hannu ya ba da dala ashirin (dala ɗaya a wurinmu sefa biyar ce). Rigimar tana wajen rabo. Mai ganga ya ce shi ya fi wahala, mai wasa ya ce don shi aka bayar. Ni nake riƙe musu a gwangwani, daren salla in raba daidai, wanda ya yi ƙorafi in cire kuɗin cittata.

Maman 'yan biyu, Tudun Wadan Zariya

Na dawo da rahoto, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ƙaro ya yi, gemu ya je ya dawo ba ko gashi ɗaya da ya faɗi. Malam, kara a wajen mai wainar bakin layinmu na samu, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce a kawo mata dokin ta gani. Sai dai na yi shi da faɗi, na manta ƙofar zaurenmu ƙarama ce, sai a karkace ya fita, wutsiyar ta maƙale a ƙyaure ta tsinke. Haka ya tafi da guntun doki.

Babansu ya bi su a baya da tocila, gida biyar suka shiga. Sun samo naira ɗari bakwai da dabino da ƙullin sukari. Yanzu haka ga su can suna barci, babban ya ƙi yarda a wanke gemun, wai gobe ma da shi zai je makaranta. Inna, takardar simintin tana jiƙe a bokiti, gwangwanin ne ban samu babba ba. Na madara zai yi?