Muhawara: Fito da Bututu Fuskar Gini, Dabara ce ko Ado?

Ɗalibi: Malamai, barkanmu da warhaka. Na ji ana cewa ginin Pompidou na birnin Faris, cibiyar fasaha da al'adu, wanda Renzo Piano da Richard Rogers suka zana aka buɗe a 1977, ya tabbatar da cewa fito da bututu da matakala fuskar gini ya fi ɓoye su cikin bango. Shin maganar tana da tushe?

Malamar zanen gini: Tana da tushe, ƙanena. Da aka kwashe waɗannan kayayyaki zuwa waje, kowane bene ya zama fili guda mai faɗin fiye da mita 40 babu ginshiƙi a tsakiya, ta yadda ake sake tsarinsa duk lokacin da baje koli ya sauya. Launukan ma da manufa aka shafa su, domin shuɗi na iska ne, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja kuma na hawa da sauka.

Injiniya: Malama, ban ja da ke a kan filin ba, a kan gyara nake ja. Bututun da ke waje rana da ruwan sama da sanyi ne ke cin sa, kuma duk inda ya ratsa bango an buɗe kafar yoyo. Ginin yana da shekara 20 kacal aka rufe shi a 1997 don gyara, ba a buɗe ba sai 2000, ga shi an sake rufe shi a 2025.

Malamar zanen gini: A yi adalci, Injiniya. Jama'ar da ta riƙa shigarsa ta ninka abin da aka tsara, kuma cire asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, yana cikin dalilan rufewar baya-bayan nan, wanda ba laifin bututun waje ba ne.

Injiniya: Na amince da wannan. To amma me za ki ce game da Cibiyar Duniyar Larabawa ta Faris da Jean Nouvel ya zana aka buɗe a 1987, wadda tagoginta na ƙarfe masu tsukewa da buɗewa gwargwadon hasken rana suka daina aiki da yawansu tsawon shekaru?

Mai kula da gine-gine: Ku gafarce ni in sa baki. Rogers ya fitar da lif da banɗakunan ginin Lloyd's na Landan, cibiyar kasuwar inshora, waje a 1986 domin a iya sauya su idan sun tsufa ba tare da an taɓa ofisoshi ba. A 2011 Ingila ta saka ginin a matakin farko na gine-ginen tarihi, saboda haka yanzu sai an nemi izini kafin a sauya kamannin kayan da tun asali don sauyawa aka yi su.