Rainfall ko Rain Fall? Gardama kan sunan sabuwar waƙa

Mawaƙi: Salamu alaikum jama'a. Waƙar nan ta damina ta kammala, ranar Juma'a nake son ta hau Audiomack da Boomplay. Na sa mata suna Rain Fall. Mai zanen fasta ya dawo min da ita a haɗe, Rainfall, wai ya gyara min kuskure. Ni kuwa na ce sunan waƙa ba jarrabawar WAEC ba ce, mai waƙa ke da ikon rubuta shi yadda ya ga dama.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mai zanen ya yi maka gata. A ƙamus kalma ɗaya ce, rainfall, kamar nightfall da waterfall. Ka raba ta, wanda ya gani zai ɗauka ba ka sani ba ne.

Furodusa: Malam, da girmanka, wa ke buɗe ƙamus kafin ya danna waƙa? Kiɗa ya yi daɗi kawai.

Yayar mawaƙi: Ni zan buɗe. Kuma ni ƙawayena za su turo wa hoton fastar suna dariya.

Malamin Turanci: To kun ji. Turanci yana rubuta harɗaɗɗun kalmomi ta hanya uku: a haɗe kamar heartbreak, a rabe kamar ice cream, ko da karan ɗori kamar mother-in-law. Kuma ba ado ba ne. Greenhouse ɗakin gilashi ne na renon shuka, green house kuwa gida ne mai koren fenti. Ko a baki sun bambanta, na farko a gaɓar farko ake danna murya, na biyu a ta ƙarshe.

Ɗalibar jami'a: Malam, ƙamus ɗin ma ai ba dutse ba ne. A 2007, bugu na shida na ƙamus ɗin Turanci na Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kusan 16,000. Bumble-bee ta koma bumblebee, ice-cream kuma aka raba ta gida biyu. A tsofaffin littattafan Ingila to-day da to-morrow ake rubutawa. Kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka sai 2011 ya bar e-mail ya koma email. Idan masu harshen suna sauya ra'ayi haka, don me za a ɗaure mu da igiyarsu?

Malamin Turanci: Sun sauya ne bayan jama'a da yawa sun daɗe suna rubutawa haka. Ba mutum ɗaya ne ya tashi da daddare a situdiyo ya yanke hukunci ba. Kuma ki lura, rainfall ba ta cikin masu rawa, ta daɗe da zama.

Furodusa: Wannan habaicin da ni ake.

Ɗalibar jami'a: Tsaya tukuna. Yaya, me kake cewa a amshin waƙar?

Mawaƙi: Da Hausa nake baitocin, manomi ne ya yi shuka yana duban gabas. A amshi sai na juya Turancin buroka, ina cewa make rain fall. Roƙo ne.

Ɗalibar jami'a: Ashe ma gardamar banza muke yi! Rainfall suna ne, kalmar masu hasashen yanayi ce, ita hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke aunawa da milimita. Fall ɗinka kuwa aikatau ne, ruwa kake roƙo ya sauko. Kamar breakup da break up ne, ɗaya sunan rabuwar, ɗaya aikin rabuwa. Mu ma muna da irinta: "ya ci gaba da magana" a rabe, amma "ƙasa ta samu cigaba" da yawa kan haɗe shi ko su sa karan ɗori. Haka fasa-ƙwauri da ka-ce-na-ce, ka cire karan sai su zama zance, ba suna ba.

Malamin Turanci: Da ka faɗi amshin tun farko da ban ɓata yawuna ba. In haka ne rabewar ba kuskure ba ce. Amma ban janye ba kan maganarka ta farko, wai mawaƙi ya rubuta yadda ya ga dama. Sa'a ka taka, ma'anar ta zo daidai da son ranka. Wancan watan ai na ga ka rubuta I pray everyday a shafinka, alhali a nan every day ne a rabe. Everyday a haɗe sifa ce, sai ta jingina da suna, kamar everyday clothes, kayan sawa na yau da gobe.

Mawaƙi: Kai Malam, har da tonon silili a gaban Yaya?

Yayar mawaƙi: Ni dai har yanzu Rain Fall kamar rabin jimla take min. Wanda bai ji waƙar ba ta ina zai san buroka ce? Ka rubuta amshin duka mana, Make Rain Fall, kowa ya huta. Ko ka sa mata Damina, tun da baitocin Hausa ne.

Furodusa: Damina kam ban yarda ba, muna son 'yan Legas da Fatakwal su danna. Amma ku yanke yau. Masu rarraba waƙa suna son rubutun da ke jikin fasta ya zo daidai da sunan da aka cike a fom, harafi da harafi, in ba haka ba su dawo da ita. Kada mu tura fasta da Rainfall, fom da Rain Fall.

Mawaƙi: Make Rain Fall ta ɗan shiga raina. Sai dai mai zanen ya ce duk gyara na biyu da kuɗinsa.

Yayar mawaƙi: Nawa ne? Turo min lambar asusunsa.

Malamin Turanci: Ka ce masa kowace kalma da babban harafi za ta fara. Kuma ka turo fastar nan mu gani kafin ka biya shi.